Baƙin da Mota Ke Gani

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Rahinatu, 'yar ƙanwata Hauwa, ta zo da hantsi da buhu a bayan kabu-kabu. Na ɗauka gero ne. Ta zazzage shi a tsakar gida: matattun rediyo, telekomand, wato rimot na talabijin, sun kai ashirin, gwangwanayen sadin, tsofaffin silifa. Na ce mata bola tana bayan kasuwa, ba a gidana ba.

Ga maganar. Ita ke koyar da lantarki a cibiyar koyon sana'a. Ɗalibanta tara ne, mata shida, maza uku. Direkta yana so ya rufe sashen ya ba masu ɗinki ɗakin, don su sun haura arba'in, suna zaune kan juna. Ran 14 ga Mayu anspekter, mai duba makarantu, zai zo daga Yamai, kuma abin da ya gani ran nan shi zai raba gardama: ko a bar mata ɗakin, ko taran nan su watse. Tana so su haɗa ƙananan motoci masu bin layi da kansu, ba zare, ba mai tuƙi. Ta san takarda, in ji ta, hannu ne bai faɗa ba.

"Kawu, kai kaɗai ka san dalma a garin ga."

Ƙarya ce, amma ta iya yin ta.

Na ce a'a. Na yi karatu a Yamai, na ƙara a Dakar, na yi shekara ashirin da shida a kamfanin tarho ina hawan turaku daga nan har Abalak, ran da aka sallame mu ko ruwa ba a ba mu ba. Ban ga abin da zan koya wa 'ya'yan mutane ba, sai yadda ake tsufa da difloma a ƙasan akwati.

Ta bar buhun ta tafi.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na buɗe telekomand ɗaya, don in gani kawai. Fitilar da ke bakinta lafiya lau take. Ta biyu ma haka.

Akwatin kayan aikina ban taɓa shi ba tun rasuwar matata Zalika, shekara uku ke nan. Ƙarfen dalma har yanzu yana ɗaukar zafi in an jona shi. Hannuna ya tsufa, amma bai kai yadda na zata ba. To, alhamdu lillahi a kan wannan.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Yaya Jibrilla ya ji wari, ya leƙo ta saman katanga.

"Ɗan lakkol, mi ka ke toyawa ba ka kira mu ba?"

Na ce aiki ne wanda ba a karanta shi a allo. Ya yi dariya ya sauka. Kullum haka yake, ka jefe shi da magana ya yi dariya, kai ka kwana da ita.

Gida ɗaya muke, katanga a tsakani. Da akwai ƙofa a jikinta, na toshe ta da fallen kwano shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a kan wata magana da yau ko rabinta ba zan iya kawowa ba. Abin da ban manta ba shi ne na Kalfu, ƙauyenmu. Ran da aka zo ɗibar yara zuwa lakkol, makarantar boko, kowane gida ɗaya, Baba ya ɗaga Yaya ya jefa cikin rumbu ya rufe, ni ya kama hannuna ya miƙa. Ina shekara bakwai. Shi ya zama malam, zaurensa ba ya rabuwa da takalma. Ni na zama abin da na zama.

Talata, 15 ga Afrilu

Na je cibiyar. Na gaya wa Rahinatu sau ɗaya ne.

Ɗakin ƙarami ne, tebur uku, fanka ɗaya da ba ta juyawa. Ta bango kana jin kekunan ɗinki kamar ana ruwa. Na zana musu abin a tablo, baƙin allon aji. Mota tana da ido biyu a ƙarƙashi, ɗaya dama da layi, ɗaya hagu. Kowane ido abu biyu ne: fitilar telekomand mai hasken da idon mutum ba ya gani, da mai karɓa a gefenta. Haske ya sauka kan fari ya dawo, taya ta juya. Ya sauka kan baƙi, baƙi ya shanye shi, tayar wannan gefe ta tsaya, mota ta karkato ta koma kan hanya. Sai ƙananan kaya na cikin rediyo: transisto biyu, resistans masu rage ƙarfin wuta huɗu. Shi ke nan duk sirrin.

Wata doguwa mai suna Aminatou, 'yar Barmu, ta ɗaga hannu. "Baba, in ba a ganin hasken, ta ina za mu san ta kama?"

Na fara bayanin na'urar awo. Ta ciro wayarta ta buɗe kamara ta kara a bakin fitilar. Sai ga ɗigo mai ruwan hoda yana haske a gilashin. Ban san wannan ba. Na ce madalla, dama gwada su nake yi. Rahinatu ta juya tana tari.

Daga baya ta gaya mini yarinyar a gidan gwaggonta take zaune. In aka rufe sashen, Barmu za ta koma, ba ɗinki take so ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na koma. Kuran, wato wutar lantarki, ya yanke tun safe, zafi kamar a tanda. Na sa aka kawo gawayi, na nuna musu yadda muke gasa ƙarfe a wuta mu yi dalma da shi a daji. Sun zagaye ni ba mai motsi. Rabon da wani ya kalli hannuna haka, na manta.

Talata, 22 ga Afrilu

Mota ta farko ta motsa. Jiki gwangwanin sadin, tayu daga silifa, injin daga cikin tsohuwar rediyo mai kasat. Muka aza ta kan farar takarda, ta ruga. Na ɗaga ta sama, hasken bai samu abin da zai dawo da shi ba, tayu suka tsaya cak. Na ce musu kun gani, haka za ta yi a kan baƙi.

Ihun da suka yi ya sa masu ɗinki suka leƙo. Kowa ya raɗa wa tasa suna. Akwai Sai Agadas, akwai Ba Birki. Ta Aminatou Hajiya Barmu, don tana tafiya tana rangaji. Ma'azu, babban cikin mazan, ya ce ai ko a hanya haka motocin Barmu suke, sai an tura. Ta ce tasa ta fara tashi tukuna.

Na dawo gida na ci tuwo har na nemi ƙari. Da Zalika tana nan da ta ce, to, sai ka gode. Na gode.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Motoci biyar sun tashi. Saura hanya. Simintin ɗakin baƙi-baƙi ne, duk ramuka, ba ya yi. Madam Raƙiya, mai koyar da ɗinki, ta shigo da kanta ta ce za ta ɗinka mana: farin yadi taku shida, baƙin ƙyalle a tsakiya yana lanƙwasa kamar hanyar Keita. A naɗe shi a ajiye, a shimfiɗa in ana so.

Matar da za ta gaji ɗakin in mun faɗi. Na ce wa Rahinatu ta buɗe ido. Ta ce, "Kawu, ba kowa ne kamfaninku ba."

Litinin, 28 ga Afrilu

Yadin ya zo. Aiki mai kyau, ba zan ɓoye ba, ɗinki a miƙe, baƙin kuwa wuluk.

Muka aza Hajiya Barmu. Ta taho, ta iso lanƙwasa ta farko, ta tsallake baƙin kamar babu shi, ta je ta daki ƙafar tebur. Sai Agadas haka. Duka biyar haka.

Talata, 29 ga Afrilu

Na ce hasken rana ne ke shiga ƙarƙashi. Muka yi musu siket da kwali, muka rufe tagogi. Banza.

Laraba, 30 ga Afrilu

Na sauya resistans don idon ya rage kaifi. Yanzu ba ta motsi ko a kan fari. Na mayar, ta koma tsallake baƙi. Na ja layi da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, a takarda, ta tsallake. Na shimfiɗa baƙar leda, ta tsallake. Baƙi uku ke nan. To laifin yana cikin mota. Ko dai masu karɓar hasken da Rahinatu ta sayo a Ƙonni jabu ne, ko hannun yaran ne.

Kwana goma sha huɗu.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ban yi kyau ba yau.

Na sa Aminatou ta warware dalmarta ta sake, sau uku. A na ukun ƙarfe ya ƙona mata yatsa, ta sa a baki ta ci gaba. Da motar ta sake tsallakewa na ce wasu hannuwa don allura aka yi su. Madam Raƙiya tana bakin ƙofa ta zo tambayar ko a ƙara faɗin layin, na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta kusa samun abin da take so.

Ta dube ni ta ce, "Baba, kwana biyu na yi kan yadin ga." Ta juya.

Rahinatu ba ta raka ni bakin titi ba. Na ɗauko Hajiya Barmu na taho da ita gida.

Asabar, 3 ga Mayu

Na auna komai. Dalmar yarinyar ta fi tawa tsabta.

Lahadi, 4 ga Mayu

Zan rubuta wannan daki-daki, don kada gobe in gyara shi yadda zai yi mini daɗi.

Ranar kasuwa ce, ban fita ba. Kuran ya yanke, ɗakina ba ya zaunuwa. Zauren Yaya kaɗai ke da iska a gidan nan. Bayan azahar na zagaya ta waje na shiga da motar a hannu, na ce inuwa na zo nema ba hira ba. Ya ce inuwa ta Allah ce.

Yana haɗa sabuwar tawada. Gabansa akwai wani fallen kwali da yake gwada ta a kai, ya ja layuka barkatai don ya ga ko ta yi baƙi, ba rubutu ba ne, zane ne kawai. Na ajiye motar a ƙasa ina neman abin kunce ƙusa a aljihu, ashe ban kashe ta ba. Ta hau kwalin. Ta iso layi ɗaya, sai ta yi tsam, ta karkata, ta bi gefensa har inda ya ƙare.

Na ɗauka idona ne. Na mayar da ita. Ta sake.

"Ja wani," na ce. "Yaya, ja wani, mai lanƙwasa."

Ya tsoma yatsa cikin kurtu ya ja mini baka guda. Ta bi shi kamar akuyar da ta san gida.

Ya ce, "Wanga abu ya hi ka ladabi."

Na tambaye shi me ke cikin tawadar. Ya dube ni kamar na tambayi me ke cikin fura. Baƙin gindin tukunya ne, da ƙaro, da ruwa. Ya ce akwai ta takarda, wadda ake dafawa da bagaruwa, ya miƙo. Muka gwada. Motar ta yi shakka a kanta, ta ɗan rage gudu, ta wuce. Ta tukunya kaɗai take bi sosai.

A nan abin ya faɗo mini, karatun da na yi shekara arba'in da wani abu da suka wuce, har shafin ina gani. Rini baƙi ne a idonmu kawai. Hasken telekomand ratsa shi yake yi, ya daki zaren ya dawo, a wurin mota ƙyallen Madam Raƙiya fari ne fat. Ruwan maka ma rini ne. Ledar kuwa sirara ce, ga sheƙi. Amma baƙin hayaƙi gawayi ne, shi kowane haske yake sha. Na san wannan. An koya mini, na ci jarrabawa a kai. Na tsaya a gaban yara na ɗaga mota sama na ce haka za ta yi a kan baƙi, ban gwada ba, don a ganina baƙi baƙi ne.

Na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, bai yi dariya ba. Ya ce, "To ita tana ganin abin da ba mu gani, mu muna ganin abin da ba ta gani. Nawa ku ke so?"

Na ce taku shida, faɗin yatsa biyu. Na kuma tambaye shi, don ya tsaya mini a rai, ko ya dace a zuba tawadar allo a ƙasa mota ta bi ta kai.

"Ɗan lakkol, hayaƙi ne da ƙaro. Sai an rubuta abu da ita ta ke zama abin girmamawa. Ka samo man tukwane."

Allah na gode maka da kuran ya yanke.

Litinin, 5 ga Mayu

Na je da kwalin Yaya. Kafin in nuna komai na ce Aminatou ta taso. Na ce dalmarta ba ta da aibi, kuskuren nawa ne, maganar allura kuma ban kyauta ba. Ya fito da ƙyar, kamar ana cire mini haƙori. Ta ce, "Ba komai, Baba," tana kallon kwalin. Na ba ta motarta ta aza da hannunta. Da ta bi bakan, Ma'azu ya yi kabbara.

Ba Madam Raƙiya haƙuri ya fi wuya, don a gaban ɗalibanta arba'in ne, duk sun tsayar da keke. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ce tawada za ta bazu a yadi in ba a sa masa koko ba, a kawo wani farin ta sa masa sitaci ta shanya ta goge. Na ce me ya sa take taimakon mu. Ta ce ita ɗaki take nema, ba ta neman a kori 'ya'yan mutane.

Na ce Allah ya saka.

Talata, 6 ga Mayu

Yara tara sun bi unguwa gida-gida da cokula da ƙoƙo suna roƙon a bar su su kankare gindin tukunya. Matan unguwa sun sha dariya. Wata tsohuwa ta ce wa Ma'azu in ya gama ya haɗa da wanke-wanke. Wata ta ƙi, ta ce ba a ɗibar baƙin tukunyar mutum a fita da shi, sai da aka ce mata Malam Jibrilla ne ya aiko, sannan ta fito da uku. Masu gas ba su da abin ba mu. Mai tuwon tasha ita ta cika mana rabin ƙwarya ita kaɗai.

Sun dawo kamar maƙera.

Laraba, 7 ga Mayu

A zauren Yaya muka dama. Shi ke zuba ƙaro, ni ke juyawa. Ba ya awo, yatsa yake tsomawa ya murza ya ce ƙara.

Muna cikin haka, ban san abin da ya kawo ba, na ce ai shi ya ji daɗi, an ɓoye shi a rumbu. Ya tsoma yatsa ya murza, sannan ya ce:

"Ka san mi ni ke yi cikin rumbun nan? Kuka. Ni na so tahiya. Na ga mota ta zo, na ga kai anka aza. Da ka zo hutu da littahi mai hoton jirgi, sata na yi ina kallo bayan gida."

Na ce bai taɓa faɗa ba. Ya ce ban taɓa tambaya ba, kuma in juya da kyau, tana gudaji.

Shekara sittin da biyu.

Juma'a, 9 ga Mayu

Yadin ya sha sitaci ya yi ƙarfi kamar takarda. Yaya ya zo cibiyar da kansa, a kabu-kabu, da ƙwarya a cinya. Ya ƙi buroshi, ya daddaƙe bakin kara ya yi nasa. Ya durƙusa ya ja layin taku shida ba tare da ya ɗiga ko sau ɗaya ba. Shekararsa saba'in da ɗaya. Ni da aka ba ni in gwada a gefe, na yi kamar sawun kaza.

Litinin, 12 ga Mayu

Huɗu suna gamawa. Ba Birki tana fita a lanƙwasa ta ƙarshe, ta cika gudu, ta ci sunanta. Mun ƙara mata resistans.

Na ce a naɗe tsohon yadin a ɓoye kafin baƙi su zo. Rahinatu ta ce a'a, a gefen sabon za ta shimfiɗa shi. Na ce za ki nuna wa anspekter inda muka faɗi? Ta ce shi ne kaɗai abin da yaran nan ba za su manta ba har su mutu. Mun yi musu. Ɗakinta ne.

Laraba, 14 ga Mayu

Anspekter ya iso wajen ƙarfe goma, gajere, da tabarau, ga alama ya ga irin wannan sau ɗari kuma rabinsu wasa da hankali ne. Direkta yana bayansa yana duba agogo. Yaya yana zaune a kusurwa kan kujerar roba, wai rakiya ya yi mini.

Aminatou ta fara da tsohon yadin. Motar ta tsallake baƙin ta tafi abinta. Na ga direkta ya saki fuska. Ta ɗauke ta ta aza kan sabon. Ta bi, lanƙwasa ɗaya, biyu, uku, tana rangajinta, har ƙarshe. Sauran suka biyo. Ba Birki ta fita a wurin da ta saba, ta je ta tsaya a takalmin direkta.

Anspekter bai tafa ba. Ya ɗaga yadin ya duba ƙarƙashi, ko akwai waya ko maganaɗisu. Ya sa kowa ya ajiye wayarsa a tebur. Sannan ya tambayi Aminatou, da Faransanci, me ya raba baƙin nan biyu. Ta fara, harshen ya sarƙe mata. Na buɗe baki, Rahinatu ta taka mini ƙafa.

Anspekter ya ce, "Faɗi da Hausa."

Ta faɗa. Rini, gawayi, hasken da ke ratsawa da wanda ake shanyewa. Ta roƙi a ba ta wayarta ta nuna masa ɗigon nan mai ruwan hoda. Ta ce da farko sun ɗauka laifin mota ne, har aka warware dalma sau uku. Ba ta ce wa ya sa ba.

Ya ce yana so a ja sabon layi yanzu a gabansa, wanda motar ba ta taɓa bi ba. Aka juya bayan wani kwali. Ya ce wa ya ja na farko? Duk ɗakin suka waiwaya kusurwa.

Yaya ya taso a hankali, ya ciro kurtu daga aljihu, ashe ya zo da shi. Ya ce wa anspekter ya nuna da yatsa inda yake so, shi zai bi. Mutumin ya yi ta murɗa hanya don mugunta. Muka jira ta bushe, ba a daɗe ba a zafin nan. Hajiya Barmu ta bi ta tsaf, sai a wata kusurwa mai tsini ta tsaya tana kaɗa kai dama da hagu. Sai ta samu hanya ta wuce.

Anspekter ya cire tabarau. Ya ce shi ma ya yi allo kafin lakkol, kuma shi ne mai kankare tukunya a gidansu. Ya tambayi Yaya ƙaron wane icce ne. Suka shiga hira kamar sun san juna, aka bar mu tsaye.

Kafin ya tafi ya ce wa direkta, a gabanmu, sashen zai ci gaba, zai sake dubawa baɗi. Maganar masu ɗinki kuma ya ga cunkoson da idonsa, zai rubuta a yi musu rumfa. Rumfa ba ɗaki ba ce, kuma na san yadda rubutun Yamai yake tafiya. Madam Raƙiya ita ta fara yi wa Rahinatu barka. Na kasa kallon ta.

Ya tambayi sunana zai sa a rahoto. Na ce ya sa Isufu, ya sa Jibrilla a gabansa, shi ne babba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Barci na yi yini guda. Rahinatu ta aiko da fura da kilishi. Kwano biyu ta aiko, ɗaya nan ɗaya can, ɗan aiken ya zagaya ta titi kamar kullum.

Asabar, 17 ga Mayu

Na je na auna filin da ke bayan ajin ɗinki. In rumfar ta zo, za su buƙaci wuta da fanka. In ba ta zo ba, akwai turakun ƙarfe biyu a gidan nan da ba sa komai. Ban gaya wa Madam Raƙiya ba tukuna.

Akwatin kayan aikina na bar shi a ɗakin Rahinatu. Nauyi gare shi, ba zan yi ta jigila ba. Makullin yana hannun Aminatou.

Lahadi, 18 ga Mayu

Biro ta ƙare, shagon kuma yana rufe, shi ya sa rubutun yau ya yi kauri. Yaya ya fiƙe mini kara ya ba ni ragowar tawada. Sau uku ina ɗigawa a shafin. Ya ce in daina danna shi kamar ina kunce ƙusa.

Baɗi Rahinatu tana so a yi motoci masu tsayawa in sun ga bango. Gwangwanin sadin ya yi ƙanƙanta, ana buƙatar ƙarfe mai faɗi. Na duba gidan duka, babu wanda ya kai fallen kwanon nan na jikin katanga, tsatsa kaɗan ce a gindinsa. Na cire shi da hantsi. Zai ba da jikin mota goma sha biyu in an yanka da hankali.

Ban samu abin da zan mayar a wurin ba tukuna. Ba sauri.

Yaya ya shigo ta ƙofar nan da la'asar da butarsa da tabarma. Ya ce gefena ya fi inuwa da yamma. Gaskiya ne, ya fi.